Na sabunta kenel amma ban sake kunna saba ba, ina haɗarin yake?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina kula da sabobi uku na Ubuntu a wurin aikinmu, ɗaya na ɗauke da rumbun bayanai, biyu kuma manhajar da ma'aikata ke shiga. Duk mako ina yin apt upgrade, kuma ina ganin sabon kenel na sauka. Amma ba na sake kunna su, domin shugabanni ba sa son aiki ya tsaya ko na minti ɗaya. Ɗaya ma ta haura shekara ba a kashe ta ba. Wani ya ce in kunna Livepatch in huta. Shin akwai matsala a yadda nake yi? Kuma Livepatch ɗin zai raba ni da sake kunnawa gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayoyi biyu ka haɗa a wuri ɗaya, kuma amsarsu ta bambanta. Ta farko ita ce me ke faruwa idan sabon kenel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'ura, ya sauka a diski alhali na'ura na ci gaba da tafiya a kan tsoho. Ta biyu kuwa, idan aka yi wa kenel ɗin da ke aiki faci yana tsaka da tafiya, ko an rabu da sake kunnawa ke nan. Bari in faɗa maka tun daga farko: yadda kake yi yanzu akwai haɗari, kuma sabar nan da ta haura shekara ita ta fi damuna. Livepatch, wato hidimar Canonical, kamfanin Ubuntu, mai yi wa kenel irin wannan faci, abu ne mai kyau, ina ba ka shawarar ka kunna shi. Sai dai abin da zai ba ka shi ne damar zaɓar ranar sake kunnawa da kanka, ranar kuwa tana nan tafe.

Abin da apt ya yi da abin da bai yi ba

Lokacin da na'ura ke tashi, GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, na ɗauko fayiloli biyu daga /boot: vmlinuz, wato kenel ɗin kansa, da initrd.img, ƙaramin ƙunshin direbobin da ake buƙata kafin a kai ga babban diski. Daga nan kenel ya tare a RAM, ba ya sake waiwayar fayil ɗinsa na diski sai an sake kunnawa. Idan ka yi apt upgrade, sabon vmlinuz zai sauka a /boot, a buɗe masa sabuwar foldar modul a /lib/modules, a gina masa initrd, a sa sunansa a saman jerin GRUB. Iyakar aikin ke nan. Kamar mutum ne ya sayi sabon injin mota ya ajiye a but, motar kuma na tafiya da tsohon.

Ka je sabar nan mai shekara ka buga uname -r, sannan ka buga ls /boot ka kwatanta lambobin. Na farko zai nuna maka kenel ɗin da ke aiki, na biyu waɗanda ke jira. Ubuntu na ajiye fayil mai suna /var/run/reboot-required idan ana jiran sake kunnawa, kuma /var/run/reboot-required.pkgs zai lissafa ƙunshin da suka jawo hakan. Umarnin needrestart -k ma zai faɗa maka. Masu Red Hat, Rocky ko Alma suna da dnf needs-restarting -r.

Tsaron da kake zaton kana da shi

Duk ɓarakar tsaro da aka toshe a kenel cikin shekarar nan, a sabarka tana nan a buɗe. Abin da ya sa wannan ya fi muni shi ne wasu manhajojin binciken tsaro jerin ƙunshin da aka girka kawai suke karantawa, su ga sabon kenel, su ba da rahoton cewa komai lafiya. Rahoton ya je teburin shugabanni, hankalin kowa ya kwanta.

Ɗauki Dirty Pipe, mai lamba CVE-2022-0847, wadda Max Kellermann ya bayyana a watan Maris na 2022. Ta shafi kenel daga siga 5.8 zuwa sama, kuma tana ba ƙaramin mai amfani damar rubutu a kan fayil ɗin da izinin karantawa kawai yake da shi, har da /etc/passwd, fayil ɗin asusun masu amfani. An toshe ta a 5.16.11 da 5.15.25 da 5.10.102. Kafin ita akwai Dirty COW, CVE-2016-5195, wadda ta fito fili a Oktoban 2016 bayan ta kwanta a kenel tun 2007. Duk wanda ya girka gyaran waɗannan bai sake kunnawa ba, daidai yake da wanda bai girka komai ba.

Na san abin da ake yawan cewa: ai irin waɗannan sai mutum ya riga ya shiga na'urar, ni kuwa ni kaɗai ke shiga. Amma sabobinka biyu na ɗauke da manhajar da ma'aikata ke amfani da ita. Idan aka sami kafa a manhajar, ɓarawo zai shigo a matsayin www-data, ƙaramin asusu mai iyakacin iko. Ɓarakar kenel ce tsanin da zai taka ya zama root, asusu mai cikakken iko. Haka kuma idan kana amfani da Docker, duk kwantenonin kenel ɗaya suke hawa, na sabar da ke ɗauke da su. Sabunta abin da ke cikin kwantena ba ya taɓa shi ko kaɗan.

Saɓani tsakanin RAM da diski

Kenel ba ya ɗaukar dukan direbobinsa lokacin tashi. Da yawa modul ne da ke zaune a diski, sai an buƙace su ake lodawa: ka cusa filashi, ka tayar da WireGuard, ka haɗa wani diski mai tsarin da ba a taɓa haɗawa ba, ko Docker ya nemi overlay da br_netfilter. Kenel zai je foldar da ke ɗauke da lambar sigarsa daidai, kuma ba ya karɓar modul ɗin wata siga. Ko ka tilasta da insmod, amsar ita ce "Invalid module format".

A nan Ubuntu da Debian suna da sauƙi, domin suna ajiye sabon kenel kusa da tsoho, kuma apt autoremove ba ya cire wanda ke aiki. Fedora da Red Hat su ma suna riƙe guda 3 a bisa al'ada. Arch Linux kuwa maye gurbi yake yi: pacman na goge foldar tsohon nan take, sai ka ga an cusa filashi ba ta fito ba, modprobe na cewa "Module not found in directory". A Ubuntu hakan na faruwa ne idan /boot ya cika, mai kula da saba ya fusata ya shiga gogewa da hannu, ya haɗa da na kenel ɗin da ke aiki. Na'urar za ta ci gaba da tafiya lami lafiya na makonni, sai ranar da wani abu ya nemi modul ɗin da babu.

Akwai kuma manhajojin da rabinsu ke cikin kenel, rabinsu a waje. Direban NVIDIA shi ne sananne: an sabunta ɓangaren waje, modul ɗin da ke RAM tsoho ne, sai nvidia-smi ya amsa da "Driver/library version mismatch". ZFS da VirtualBox ma kan yi irin wannan. Mai laftof kuma ya kiyaye: kada ka sa ta dogon barcin nan da ke kwafe RAM zuwa diski bayan ka sabunta kenel, domin tana iya kasa dawowa inda ka tsaya, aikin da ba ka adana ba ya tafi.

Tashin da ba a gwada ba

Wannan shi ne babban haɗarin a wurina, kuma shi aka fi mantawa da shi. Saba mai shekara guda tana aiki ba ta tabbatar maka da komai ba face cewa ta iya tashi bara. Tun daga lokacin kenel nawa suka sauka, gyara nawa aka yi da hannu? Babu ko ɗaya da aka gwada a kan tashi. GRUB kuwa sabon cikinsu zai ɗauka, wanda bai taɓa tafiya a kan wannan na'ura ba.

Abubuwan da ke ɓoye a irin wannan saba sanannu ne. Idan /boot ƙarami ne ya cika, update-initramfs zai faɗi da "No space left on device", saƙon ya wuce a cikin ɗaruruwan layukan apt ba wanda ya lura, sabon kenel ya zauna ba shi da cikakken initrd. Ranar tashi sai ya kasa ganin babban diski. Idan kana da direban da DKMS, tsarin da ke sake gina direbobin waje ga kowane sabon kenel, ke ginawa, na katin sadarwa ko na RAID ko ZFS, ginin na iya faɗuwa a kan sabon kenel, kuma ba za ka ji a jikinka ba tunda tsohon modul na aiki. Sai /etc/fstab, jerin diskokin da ake haɗawa lokacin tashi: wani ya cire diski watanni shida da suka wuce ya bar layinsa, ko ya yi kuskuren harafi ɗaya a UUID. systemd zai jira diskin na daƙiƙa 90, ya gaji, ya faɗa yanayin gaggawa, inda ba SSH ba intanet. Idan sabar na wani gari, sai dai a nemi mai zuwa gabanta da kibod.

Ga kuma gyare-gyaren da suke RAM kawai. Dokar iptables da aka buga da hannu ba a adana ba, adireshin da aka ƙara da ip addr add, ƙimar da aka canza da sysctl -w ba a rubuta a /etc/sysctl.d ba, sabis ɗin da aka tayar da systemctl start aka manta enable. Duk za su ɓace, kuma wataƙila wanda ya yi su ya bar wurin aikin. Diski mai kulle da LUKS zai tsaya yana jiran kalmar sirri a allon da ba kowa gabansa. Kayan ƙarfe ma suna da nasu: diski mai juyawa da ya daɗe bai tsaya ba kan ƙi tashi idan ya huce, batirin madabod kan mutu a rasa saitin BIOS.

Kowanne daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne idan shi kaɗai ya zo. Mai sake kunnawa duk wata, idan na'ura ta ƙi tashi, ya san laifin na cikin abin da aka taɓa a makonni huɗu. Mai shekara kuwa matsaloli uku ko huɗu ne za su taso masa tare, kowacce na rufe 'yar'uwarta. Kuma ba shi zai zaɓi lokacin ba: wuta ta ɗauke, janareta ya yi jinkiri, batirin UPS da ba a canza ba ya kasa riƙe minti biyu, ga sake kunnawa ta zo da tsakar ranar aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daɗewa a kunne ma kanta na tono kurakurai. Wasu kenel na zamanin 2.6.32 suna da kuskuren lissafin agogo da ke iya faɗar da na'ura bayan kimanin kwana 208 tana aiki. A 2023 kuma AMD ta sanar cewa CPU ɗinta na EPYC 7002 na iya maƙalewa bayan kimanin kwana 1,044 ba a sake kunnawa ba.

Yadda facin kai-tsaye ke aiki

Dabarar ta fara suna ne da Ksplice, wanda Jeff Arnold da abokansa suka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka wajen 2008, Oracle ya saye shi a 2011. A 2014 Red Hat ya fito da kpatch, SUSE ya fito da kGraft, sannan aka haɗa tushen su biyun a cikin Linux 4.0 a Afrilun 2015. Canonical ya fara Livepatch a Oktoban 2016. Akwai kuma KernelCare na TuxCare, mai aiki a kan rabe-raben Linux da dama.

A kan x86-64, kompaila na barin gurbi na bayit 5 a farkon kusan kowane fankshin na kenel, wato guntun umarni mai yin aiki ɗaya, wanda tsarin ftrace ke amfani da shi. Facin na zuwa ne a matsayin modul mai ɗauke da gyararren fankshin. Idan an loda shi, sai a yi amfani da gurbin nan a karkatar da duk mai kiran tsohon fankshin zuwa sabo. Tsohon na nan a RAM, ba a dai shiga cikinsa.

Wahalar tana wurin sauyawa. Idan wani furoses, wato manhaja mai gudana, na tsakiyar tsohon fankshin, ba za a ja shi zuwa sabo a nan take ba. Tun daga Linux 4.12 ana sauya furoses ɗaya bayan ɗaya: idan ya fita daga kenel ya koma ɓangaren mai amfani, ko kuma yana barci aka duba jerin fankshin ɗin da yake ciki aka ga babu wanda facin ya shafa. Yawanci cikin daƙiƙoƙi an gama. Amma wani furoses na iya kwanciya a cikin fankshin ɗin da ake son canzawa ya ƙi motsi, sai sauyin ya maƙale. Za ka gane haka idan fayil ɗin transition da ke ƙarƙashin /sys/kernel/livepatch ya tsaya a kan 1, kuma /proc/PID/patch_state zai nuna maka wanda bai sauya ba. Akwai fayil mai suna force a wurin. Kada ka taɓa shi da ra'ayin kanka. Bayanan kenel da kansu sun ce bayan an tilasta ba a iya cire modul ɗin, kuma abin da ya dace shi ne a shirya sake kunnawa, a daina ɗora wani faci.

Abin da faci ba ya iyawa

Faci na canza umarni ne, bayanan da tuni suke RAM kuwa suna nan a tsohon tsarinsu. Idan gyaran ya ƙara gurbi a wani tsarin bayanai da dubban kwafinsa ke yawo a kenel, ko ya canza jerin yadda ake kama makullai, sauya fankshin kaɗai na iya jawo maƙalewa ko lalacewar bayanai. Akwai dabarun kewaye wasu daga ciki, amma sai ƙwararre ya zauna ya sake rubuta gyaran da hannu. Masu Ksplice sun gwada gyaran tsaro 64 na tsakanin 2005 da 2008, 56 suka shiga kai-tsaye, sauran 8 sai da aka ƙara musu rubutu. Umarnin da ke gudana sau ɗaya lokacin tashi kuwa ya riga ya wuce, ba abin da faci zai same shi da shi.

Ɓarakar CPU mai suna Meltdown misali ce babba. A Janairun 2018 maganinta, KPTI, ya canza yadda kenel ke raba RAM tsakaninsa da manhajoji, kuma Canonical ya faɗa a fili cewa wannan ba zai zo ta Livepatch ba, sai an sake kunnawa. Irin waɗannan ɓarakoki na CPU sukan buƙaci sabon maikurokod, shi kuma ana loda shi ne da wuri daga initrd lokacin tashi.

Sannan ka san abin da kamfanin ya yi alkawari. Livepatch na Canonical na rufe ɓarakokin da aka ɗora a matakin babba da mafi tsanani ne. Na matsakaici, gyaran direbobi, kuskuren da ke lalata fayil ba tare da ya shafi tsaro ba, duk suna cikin kenel ɗin da ke jira a diski. Kowane kenel kuma yana da wa'adi: Canonical na bin siga ɗaya na kimanin shekara, Amazon Linux kuwa wata 3. Idan wa'adin ya cika faci ya daina zuwa. Wannan ya shafe ka kai-tsaye, domin sabarka mai shekara wataƙila ta riga ta fita daga wa'adin, ka ga sai ka sake kunna ta kafin Livepatch ya amfane ta. Kenel ɗin da ka gina da kanka shi ma ba ya cikin lissafinsu.

Wasu ƙananan abubuwa da za ka gani: uname -r zai ci gaba da nuna tsohuwar lamba, don haka mai binciken tsaro na iya cewa ba ka da gyara alhali kana da shi, sai ka nuna masa sakamakon canonical-livepatch status. Kenel zai sa wa kansa alamar K, wadda ke fitowa a matsayin lamba a cikin /proc/sys/kernel/tainted, abin da masu karɓar rahoton kuskure ke dubawa. Kuma kada ka daina apt upgrade don ka kunna Livepatch. Facin a RAM yake zaune, idan na'ura ta tashi da tsohon kenel za ta kasance a buɗe har sai an sake loda shi.

Shi kansa facin umarni ne da ake cusawa a zuciyar na'ura tana aiki. Kamfanonin na gwadawa sosai, kuma bisa abin da nake gani a aiki ba kasafai yake faɗar da na'ura ba, amma idan ya yi, ya faɗar da ita ne a lokacin da ba ka shirya ba. Idan sabobinka na ɗauke da modul na waje, irin na manhajar tsaro da ke maƙale wa fankshin ɗin kenel, fara da saba ɗaya ka ba ta kwana biyu kafin sauran. Gina faci da kanka da kpatch-build kuwa ban ba ka shawara ba a kan sabar aiki. Yana buƙatar tushen kenel da saitinsa da kompaila iri ɗaya da wanda aka gina na asali, kuma ko ginin ya yi nasara ba shi ke nuna facin ba shi da illa ba.

Kada kuma a manta da abin da ke wajen kenel. Idan aka sabunta OpenSSL ko glibc, nginx da rumbun bayananka na riƙe da tsohon kwafi a RAM har sai an sake tayar da su. needrestart zai lissafa maka su. Livepatch ba ruwansa da wannan.

Zancen kexec

Za ka ji an ambaci kexec. Shi yana loda sabon kenel ne daga cikin tsoho ya tsallake BIOS, abin da ke rage mintuna da dama a manyan sabobi masu daɗewa wajen ƙirga RAM da duba katin RAID. Amma duk manhajoji sai sun mutu sun tashi, don haka aiki zai tsaya. Idan za ka yi, loda da kexec -l sannan ka bi ta systemctl kexec domin a rufe sabis da diski yadda ya kamata. Buga kexec -e kai-tsaye tamkar zare waya ne daga soket. Wasu katuna, musamman na hoto, ba sa son a miƙa su ga sabon kenel ba a sake saita su ba. Idan Secure Boot na kunne sai da -s da kenel mai sa hannu. Kuma tunda ya tsallake GRUB, bai gwada maka hanyar da na'ura za ta bi ranar da wuta ta ɗauke ba. Shi kuwa systemctl soft-reboot, da ya zo a systemd 254, kenel ɗin ma ba ya taɓawa.

Abin da zan yi da sabobin nan uku

Fara da ɗaya daga cikin biyun manhaja, ka bar mai rumbun bayanai ƙarshe. Kafin ka taɓa komai, tabbatar kana da hanyar ganin allon na'urar ba ta SSH ba: iDRAC a Dell, iLO a HP, konsol ɗin shafin kamfanin haya idan VPS ce, ko mutum a tsaye gabanta. Ka shiga ka gwada yau, kada ka bari sai an buƙata. Ɗauki kwafin ajiya, kuma ka tabbatar ana iya dawo da shi.

Sai bincike. df -h /boot don ganin sarari. ls -l /boot don tabbatar da cewa sabon vmlinuz na da initrd ɗinsa mai girma kusan ɗaya da na baya. dkms status, kowane modul ya nuna installed a kan sabuwar siga. findmnt --verify zai duba fstab, kuma duk diskin da na'ura za ta iya tashi ba shi, ka sa masa nofail. cat /proc/mdstat idan akwai RAID, smartctl -a a kan kowane diski. Kwafe sakamakon iptables-save da ip addr da ip route da ss -tlnp da lsmod zuwa wata kwamfuta, domin bayan tashi da su za ka kwatanta. Duba kowane sabis mai muhimmanci da systemctl is-enabled.

Ga saba mai shekara, ina raba gwajin gida biyu. Da farko a sake kunna ta a kan tsohon kenel ɗin da take kai, ta zaɓarsa a GRUB. Idan ta ƙi tashi, ka san laifin saiti ne. Idan ta tashi lafiya, sai a koma kan sabo. Tsayawa biyu ke nan maimakon ɗaya, amma yana raba maka matsalolin. Don samun hanyar komawa, sa GRUB_DEFAULT=saved a /etc/default/grub, ƙara panic=10 a layin kenel, buga update-grub, ka tsayar da tsohon da grub-set-default, sannan grub-reboot ya ɗauki sabon sau ɗaya tak. Idan sabon ya faɗi, bayan daƙiƙa 10 na'ura za ta sake tashi da tsoho. Dabarar na da iyaka biyu: idan /boot na kan LVM ko RAID, GRUB ba ya iya goge zaɓin, sai ya ci gaba da ɗaukar sabon, kuma yanayin gaggawa na systemd ba faɗuwar kenel ba ne, na'ura za ta tsaya jira ne kawai.

Sabobin manhaja biyu, idan ka sa HAProxy ko nginx a gabansu, za ka iya cire ɗaya daga layi, ka sake kunna ta, ka mayar, ka koma kan ɗayar, ma'aikata ba su ji komai ba. Wannan ce amsar gaskiya ga buƙatar shugabanninka. Rumbun bayanai guda ɗaya kuwa dole ya tsaya na 'yan mintuna sai in yana da mataimaki mai kwafe shi. Tsayar da shi da systemctl stop ka ga ya rufe lafiya kafin ka buga reboot, kuma ka sa ran zai yi nauyi na ɗan lokaci bayan tashi har RAM ta sake cika da bayanan da aka fi nema.

Bayan haka sai Livepatch: pro attach da lambar asusunka, sannan pro enable livepatch. Ubuntu Pro na da matakin kyauta na na'ura 5, amma ka karanta sharuɗɗansa ka ga ko wurin aikinku ya shiga ciki. Ka nemi shugabanni su ba ka rabin sa'a sau ɗaya a wata, da daddare ko ƙarshen mako, a rubuce. Idan sun ce ya yi yawa, wata uku shi ne iyakar da zan yarda da ita tare da Livepatch. Microsoft ma, a tsarinsa na faci ba tare da kashewa ba a Windows Server, ya ware sake kunnawa sau ɗaya duk wata uku. Idan kuma canonical-livepatch status ya nuna ana buƙatar sabon kenel, ba a jiran ranar wata.

Duk wannan bayani a kan Linux ne bisa x86-64 da GRUB. Idan sabobin na haya ne irin na kwantena, kamar OpenVZ ko LXC, kenel ɗin na mai hayar ne, kai ba ka da ikon canza shi ko yi masa faci, sai ka tambaye su jadawalinsu. Nawa ne tsayawar minti goma ke ci wa wurin aikinku, da wace doka ke kanku game da bayanan jama'a, ku ne kuka san wannan, kuma shi zai yanke ko rumbun bayanan ya cancanci a saya masa saba ta biyu.